Famfo Sha Huɗu Cikin Minti Uku

A ofishin nan kowa Injiniya yake ce mata, har ta kai in an kira ta da sunan da iyayenta suka raɗa mata sai ta waiga ta ga ko da wata ake. Kuma gaskiya sunan yana yi mata daɗi. Teburinta na can ƙurya kusa da taga, da allon kwamfuta biyu da wata fanka mai kukan tsufa. Kamfanin nasu na gyaran famfunan ƙauye ne. Akwai masu zagaye su shida, waɗanda ke hawa babur su bi ƙauyuka suna duba famfo, su ɗauki hoton kowanne a matsayin shaidar sun je. Ita kuwa ita ta rubuta laburaren da ke karanta hotunan.

Ba laburaren littattafai ba. Tarin umarni ne na kwamfuta da sauran manhajojin ofis ke ara su yi aiki da shi. Kowane hoto yana ɗauke da wani ɓoyayyen rubutu a cikinsa wanda ido ba ya gani, inda kamara ke ajiye rana da sa'ar da aka ɗauke shi. Aikin laburaren Injiniya shi ne ya leƙa wurin, ya ɗauko ranar, ya miƙa wa duk manhajar da ta tambaya. Shekara uku yana yi babu wanda ya taɓa kuka da shi, don babu ma wanda ya taɓa duba ranakun.

Sai aka kawo sabon Manaja, mutum mai son rahoto kamar me. A makonsa na biyu ya ce a fitar masa da jerin hotunan kowane mai zagaye, da rana da lokaci a gefe. Na mutum biyar suka fito tsaf, wannan Litinin da safe, wancan Laraba da azahar. Na Baba Famfo ne suka tayar da ƙura.

Baba Famfo shi ne dattijon masu zagaye. Ya fi shekara ashirin a aikin, ya san kowane famfo da halinsa, wanda ke tari da wanda ke zubar da ruwa ta ƙasa. Shi kaɗai ne bai yarda da hoton waya ba, yana nan da tsohuwar kamararsa mai igiya a wuya. A jerin nan, zagayensa na ƙarshe na kwana tara, famfo sha huɗu a ƙauyuka sha huɗu, duk an nuna an ɗauke su ranar Juma'a tsakanin ƙarfe huɗu da minti goma zuwa huɗu da minti sha uku na yamma. Aka koma baya, zagayen da ya wuce ma haka, na gabansa ma haka. Kuma rajistar bakin ƙofa ta nuna a duk waɗannan lokutan yana zaune a cikin ofis.

Manaja bai ɓata lokaci ba wajen gano abin da yake ganin ya faru. Tsoho ya gaji da hawa babur, yana kwance a gida, ranar Juma'a ya zo ya buɗe tsofaffin hotuna a allo ya sake ɗauka. Aka kafa kwamiti, aka kira Injiniya ta ba da shaida.

Ranar ta sa sabon mayafi. Wannan shi ne abin da ya fi damunta daga baya, cewa ta tsaya gaban madubi ta zaɓi mayafi saboda zaman. A ɗakin taro Baba Famfo na zaune a ƙarshen tebur da ɗan littafinsa mai baƙin bango, inda yake rubuta ranar da ya isa kowane ƙauye. Ya tura shi gaban Manaja, Manaja ya ture shi gefe da bayan biro.

"Baba, littafi ai kowa na iya zama a ɗakinsa ya cika shi. Ina hotunan asali na cikin kamara?"

"Na goge, Yallaɓai. Katin ƙarami ne, in na ɗora su a kwamfuta sai in share."

"To ka ji." Manaja ya juya. "Injiniya, wannan ranar da ke jikin hoto, ana iya samun kuskure a cikinta?"

Ta gyara zama. Ta yi bayani da irin muryar da take amfani da ita in tana so a san ta yi karatu. Ta ce kamara ce da kanta ke rubuta lokacin a daidai sa'ar da aka danna, laburarenta karantawa kawai yake yi, ba ya ƙarawa ba ya ragewa.

Baba Famfo ya ɗaga hannu kamar ɗan makaranta. "'Yata, ina da tambaya. Ko ragewar nan ce da kika koya min? Kin tuna kin ce hotunana sun cika nauyi, intanet ɗin ofis ba ya iya ɗauka, kika nuna min yadda zan rage girmansu kafin in tura. Ranar Juma'a nake zama in yi su gaba ɗaya."

Sai ta yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ake yi wa tsoho ce in ya tambayi abin da bai gane ba, kuma ita ta fi ciwo. "Haba Baba, rage girma daban, rana daban. Ko ka mayar da hoton kamar ƙwayar ido, ranarsa na nan a jikinsa."

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya jawo littafinsa ya sa a aljihu. "To, tunda ke kika faɗa."

Aka dakatar da shi mako biyu kafin kwamiti ya yanke hukunci, kowa kuma ya san hukuncin kora ne. Bai yi gardama ba. Ya cire makullin ɗakin kayan gyara daga zoben makullansa, ya ajiye a teburin sakatare, ya yi wa kowa sallama ɗaya bayan ɗaya, har da ita.

Kwanakin da suka biyo baya na Injiniya ne. Manaja ya yabe ta a gaban ma'aikata, ya ce za ta je ta nuna wa sauran rassan kamfani yadda manhajarta ta kama ha'inci. Ranar Talata da hantsi ta zauna shirya abin da za ta nuna. Tana son misali mai sauƙi, sai ta ɗauko wani hoto daga wayarta, na mahaifiyarta zaune a tsakar gida tana tsefe wa jikarta kai, wanda ta ɗauka shekara biyu da suka wuce. Ya yi nauyi, ta rage shi da manhajar nan da ta koya wa Baba Famfo, ta jefa wa laburarenta don ta ɗauki hoton amsar.

Amsar ta ce an ɗauki hoton yau, ƙarfe goma da minti ashirin da bakwai. Ta kalli agogon bango. Goma da minti ashirin da takwas.

Ta sake gwadawa da wani hoton, sannan wani. Ta buɗe ɓoyayyen rubutun da hannunta, ta tarar wayam. Manhajar ragewar tana zubar da komai in ta ajiye sabon hoto, da sunan kamara da rana da sa'a. Babu rana a ciki kwata-kwata. To daga ina laburarenta ke samo wadda yake bayarwa da ƙarfin gwiwa haka?

Ta buɗe laburaren. Ta gangara cikin umarnin har inda ake neman ranar ɗauka. Layi na farko ya ce a duba inda kamara ke rubutawa. Na biyu ya ce in babu, a duba wani gurbi na kusa da shi. Na uku ya ce in nan ma babu, a ɗauki ranar da aka ajiye fayil ɗin a kwamfuta, a bayar. A bayar da ita a matsayin ranar ɗauka, ba tare da wata alama da ke nuna aro aka yi ba. A samansa akwai ɗan rubutun tuni da ta bar wa kanta: "na wucin gadi, a gyara daga baya."

Ta duba tarihin layin, ko Allah zai sa wani ne ya taɓa shi. Sunanta ne, shekara uku da wata biyu. Nan take ta tuna ranar. Washegari za ta nuna aikin ga shugabanni, wasu hotuna suna fitowa da gurbin rana babu komai, jadawalin ya yi kama da bakin da haƙora suka zube. Ba ta so a tambaye ta dalili, sai ta cike gurbin da abin da ta samu a kusa. An tafa mata, ta manta.

Zufa ta karyo mata duk da fankar na kaɗawa. Ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, har kunnuwanta suka yi zafi. Tsohon nan ya faɗi ainihin abin da ya faru, a gaban mutum biyar, da bakinsa, ita kuma ta yi masa dariya.

Da a ce nan ta miƙe ta nufi ofishin Manaja, da labarin ya yi kyau. Ba ta miƙe ba. Ta waiga ta ga kowa na harkar gabansa, ta goge layi na uku, ta sa laburaren ya riƙa cewa ba a sani ba in bai samu rana ba. Gyara ne mai kyau, na minti goma, wanda ya kamata a yi tun shekara uku. A gurbin da ake bayyana dalilin canji ta rubuta "ƴan share-share." Ta rufe kwamfuta ta tafi cin abinci.

Kwana biyar ta yi tana yi wa kanta lauya. Ta ce ai Baba ya kusa ritaya dama. Ta ce wa ya sani, wataƙila ma da gaske akwai ƙauyen da bai je ba. Ta ce in ta yi magana za a ce duk rahotannin shekara uku ba abin yarda ba ne, kuma wa zai sake ɗaukar maganarta a ofishin nan? Duk hujjar da ta kawo sai ta ji ta fi ta baya wari. Ta daina bi ta gaban teburinsa, tana zagayawa ta bayan injin kwafi. Kofin shayinsa na nan a kife inda ya bar shi, mai shara na goge kewayensa kullum ba ya ɗagawa. A gida mijinta ya tambaye ta ko ba ta da lafiya, ta ce aiki ne.

Ranar Litinin Manaja ya kira ta, fuskarsa a sake. Ya miƙo mata takarda. "Duba, tsohon naki ya sauƙaƙa mana. 'Yarsa ta kawo ɗazu."

Rubutun hannun Baba Famfo ne, manyan baƙaƙe masu jingina. Ya ce ya karɓi abin da na'ura ta nuna. Ya ce bai yi niyyar cutar kamfani ba, amma ga alama shekaru sun fara taɓa masa tunani, yana ganin kamar ya yi abin da bai yi ba. Ya roƙi a bar shi ya ajiye aiki da kansa, kada a rubuta kora. A ƙarshe ya nemi a tura wani ya sake duba famfo sha huɗun nan da gaggawa, don in bai je ba, to mutane na can suna shan ruwan da ba a duba ba.

Ta kai layin ƙarshe. Ta zauna a kujerar baƙi ba tare da an ce ta zauna ba.

"Yallaɓai, ya je. Duka sha huɗun ya je."

"Kamar yaya?"

"Laifina ne. Hotunansa ba su da rana a ciki, ragewar ce ke gogewa, yadda ya faɗa. Laburarena ne ke ƙirƙiro musu rana. Ni na rubuta layin. Na gano tun Talata."

"Tun Talata," in ji Manaja. Bai ɗaga murya ba, ya dai maimaita, ita kuwa ta gwammace ya zage ta.

Ta nuna masa a allo, da tsohon layin da sabon, da hoton mahaifiyarta. Ya murza goshi. Shi ma yana da tasa kunyar, don ya riga ya aika wa na sama labarin kamun da ya yi. Can ya ce, "Mu bi a hankali. Ga takardarsa, shi ya nemi tafiya. A karɓa, a sallame shi da mutunci, ba kora ba bincike. Kin gyara abinki. Wa aka cuta?"

Abin takaici, ta ɗan ji sanyi a ranta da wannan tayin, na daƙiƙa biyu ko uku, kuma ta lura da kanta tana jin sanyin. Ta tashi ta ce za ta rubuta wa kwamiti duk abin da ya faru da sa hannunta, ko ya yarda ko bai yarda ba. Ya ce ta san dai abin da hakan zai ja mata. Ta ce ta sani. Ta zauna ta rubuta a tsakiyar ofis, shafi ɗaya da rabi, ta sa har da ranar Talata da "ƴan share-share." Sannan ta karɓi kwatancen gidansa wurin sakatare ta fita.

Gidan na ƙarshen wani lungu, bayan shagon mai facin taya. La'asar ta yi sanyi. Ta same shi zaune a kan benci a ƙofar gida, hannuwansa a cinya, ba rediyo ba carbi. Babur ɗinsa na jingine da bango an rufe shi da tsohon buhu. Mako biyu kacal, amma rigarsa ta yi masa yawa.

"A'a, Injiniya ce da kanta? Sannu da zuwa, 'yata. Bari a kawo miki kujera."

"Bar shi, Baba." Ta durƙusa a gabansa a kan ƙasa, ta gaishe shi. Duk jawabin da ta shirya a hanya ya gudu. Ta faɗa masa a karkace, daga ƙarshe zuwa farko, cewa tambayar da ya yi a taro ita ce gaskiya, cewa kamararsa ba ta yi ƙarya ba, shi ma bai yi ba, ita ce ta sa na'ura ta faɗi abin da ba ta sani ba. Ta ce ta gano kwana shida da suka wuce ta yi shiru. Wannan ta faɗe shi tana kallon takalminsa.

Wani mai kura ya wuce da jarkoki suna ƙara.

"Tsaya in gane," in ji Baba Famfo a hankali. "Ashe na je?"

"Ka je, Baba."

"Har ƙauyen nan na bayan dutse, inda na canza robar famfo? Na tuna wata tsohuwa ta riƙe min sifana."

"Duk ka je."

Ya sauke numfashi mai tsawo, ya share fuska da tafin hannu. "Kin san me nake yi a bencin nan? Kullum sai in ɗauko littafin in karanta, in ce ga shi na rubuta, ga hanyar ina ganinta a idona. Sai kuma in ce, to yarinyar nan ba ta taɓa yi min ƙarya ba, kuma ta yi karatun abin. Ɗaya daga cikinmu ya ruɗe, kuma ni ne tsoho." Ya ɗan yi murmushi. "Mahaifina da haka ya fara. Yana cewa ya je kasuwa alhali yana ɗaki."

Hawaye suka zubo mata, ta ji haushin kanta, don ba ita ya kamata ta yi kuka a wurin ba. Ta ce ta rubuta wa kwamiti, za a mayar da shi aikinsa, za a wanke sunansa a gaban kowa, ita za ta tsaya ta faɗa da bakinta. Ta ce ya yafe mata.

"Aiki," ya ce, kamar yana ɗanɗana kalmar. "Wannan mai sauƙi ne. Yafiya kuma na yafe, Allah ya yafe mana gaba ɗaya. Amma kwana shidan nan, 'yata, da kin san me aka yi a cikinsu." Ya nuna babur da haɓa. "Ranar Laraba uwargida ta ɓoye makullin. Alhamis suka kai ni asibiti, likita na tambayata yau wace rana, wane ne wannan, yana nuna ɗana. Jikata da nake kaiwa makaranta kullum, an hana ni riƙe hannunta zuwa bakin titi. Ba da mugunta ba, tsoro suke ji. Ni ma da na ji tsoron, ai ni na ce musu su lura da ni."

Injiniya ta rasa inda za ta sa fuskarta. Ranar Larabar nan ita tana ofis tana kauce wa teburinsa.

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗaga labulen ƙofa. Daga ciki ana jin ƙarar wanke-wanke da muryar mace tana yi wa yarinya faɗa.

"Kwamiti su jira," ya ce. "Shigo ki faɗa wa uwargida, yadda kika faɗa min, da kwana shidan duka. In ni na shiga na ce mata ashe na je, za ta ce to Malam, ka je, ta kawo min magani."

Ta tashi, ƙurar ƙasa a gwiwar zaninta. Ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta yi sallama, aka amsa daga ciki ana tambayar wace ce.